Minti Ɗaya da Rabi daga Kanada

Saura ƙiris Piebe ya dire kofin gahawarsa a kan abin, sai Douwe ya zuro hannu ta saman kafaɗarsa ya fizge shi. Gahawa ta fantsama a tebur, ta gangaro kan wandon Piebe.

"Kai, lafiyarka kuwa?" in ji Piebe yana kakkaɓe cinya. "Shekara talatin da takwas na yi ina raba wasiƙu a garin nan, karnuka kaɗai ke yi mini irin wannan tarba."

Douwe bai ko kalle shi ba. Ya ɗaga abin wajen hasken taga, ya riƙe gefensa da tafin hannu biyu, baki a buɗe. Kwali ne zagayayye, faɗinsa bai fi na ƙaramin faranti ba, da huda a tsakiya. An shafe fuskarsa da wani baƙin fenti mai sheƙi wanda duk ya tsattsage.

"Rinske," ya kira matarsa. "Ina kika samo wannan?"

"A kwalin Anjum mana," ta amsa daga bayan kanta, tana yanka burodin sukari. "Na ga ya yi daidai da gindin kofi."

"Gindin kofi." Douwe ya lumshe ido. "Muryar mutum ce fa, Rinske. Muryar mutum kika ba Piebe ya ɗora wa gahawa."

Shekara goma sha tara ke nan Douwe da Rinske suna riƙe da shagon nan da suka sa wa suna Allura, a bakin ruwan da ya ratsa garin Dokkum. Gahawa suke sayarwa, amma duk abin da idonka ya gani a ciki da farashinsa a jiki: kujerar da ka zauna, kofin da ka sha, agogon bango, har fitilar da ke samanka. An taɓa saye kujera Piebe yana kanta, ya ƙarasa gahawarsa a tsaye. Tsofaffin kaya sashen Rinske ne, faya-fayen garmaho kuma na Douwe, kuma kowannensu ya raina sashen ɗan'uwansa. Ita a wajenta faifai baƙin faranti ne mai tara ƙura. Shi kuwa ko cokalin zinariya ka miƙa masa, sukari zai ɗiba da shi ya wuce.

Jiya suka kwaso kayan wani gida a ƙauyen Anjum, na wata tsohuwa da ta rasu tana da shekara casa'in da shida, ba ta bar kowa ba sai wani dangi na nesa da ya ce a raba shi da tarkace. Tun asuba Rinske ta tashi ta goge cokulan azurfar da ta samu a ciki, ta ɗaura musu farashi, ta zuba su a kwalbar da masu shan gahawa ke ɗauka. Ko rubutun jikinsu ba ta sami sukunin dubawa ba.

"Wasiƙar murya ce," in ji Douwe, yana zagaya teburin. "A zamanin da mutanenmu ke ta kwarara Kanada, sai mutum ya shiga wani ɗan akurki, ya jefa kwabo, ya yi magana ta minti ɗaya da rabi, inji ya zana masa ita a kan kwali, ya aiko gida. Shekara arba'in ina wannan sana'a, sau biyu kacal na taɓa riƙe irinsa. Ina ambulan ɗinsa? Dole akwai ambulan."

"Duba kwandon takardu."

Douwe, da shekarunsa sittin da gwiwarsa mai ciwo, ya zube ƙasa ya tura hannu cikin kwandon har kafaɗa. Ya fito da wani ambulan ruwan ƙasa mai kauri, amma kafin ya lalubo tabarau Piebe ya warce shi.

"Ba ni nan. Karanta ambulan aikin masu shi ne." Ya gyara murya. "Zuwa ga Griet Feenstra da yara, gidan tsohuwa Feenstra, Anjum. Daga Sipke Feenstra, Alberta, Kanada. Hatimi, sha ɗaya ga Mayu, 1953."

Ya sauke ambulan ɗin a hankali. Su ukun suka juya a tare suka dubi teburin da ke jikin taga, inda ba kowa tukuna, don ƙarfe goma bai yi ba.

Teburin Malama Aukje Feenstra ne. Kullum ƙarfe goma daidai take jingine kekenta ta shigo, ta sha gahawa baƙa da sukari ɗaya, ta gyara wa Douwe rubutun da ya yi a allon ƙofa. Ita ta koyar da shi a aji huɗu, kuma har yau bai iya kiran sunanta ba sai ya haɗa da Malama. Unguwar kowa ya san labarinta, ko da yake ba a tayar da shi. Babanta ya tafi Kanada neman musu wurin zama tana ciki, an haife ta a watan Maris, shi kuma motar gona ta kife da shi ya rasu a watan Yuli. Tsakanin nan uwarta ta yi wani mummunan faɗa da surukarta, ta kwashe jaririya da yayarta Janke ta dawo Dokkum, ba ta sake taka Anjum ba, ba ta kuma sake kiran matar da wani suna ba sai "tsohuwar can".

Sauran labarin Rinske kaɗai Aukje ta taɓa gaya wa, ita kuma ta gaya wa Douwe, ta sa shi ya rantse. Tana shekara goma ta tambayi uwarta ko babanta ya yi murna da haihuwarta. Uwar tana guga, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Har ya mutu bai taɓa ambaton sunanki ba." Da wannan magana Aukje ta girma, da ita ta tsufa.

"Watan Mayu," in ji Douwe, idanunsa na ƙyalli. "Tana da wata biyu ke nan. Rinske, kin gane? Tana ciki. Wallahi tana cikin faifan nan."

"Ka ji shi ne?"

"Ba sai na ji ba. Wane uba ne zai sami minti ɗaya da rabi..."

"Douwe Wiersma." Rinske ta ajiye wuƙa. "Ka saurare ni. Ba ka san abin da ke ciki ba. In ta shigo, ka bari ta zauna, ka nuna mata ambulan, ka rufe bakinka. Kada ka yi mata alkawarin komai."

"Ni yaro ne?"

"Da yaro ne da na huta, yaro yana jin magana."

Minti ashirin ɗin da suka rage, Douwe ya leƙa ƙofa ya fi sau goma. Ya goge garmaho, ya sake gogewa. Wata mata ta tambaye shi farashin madubi, ya ce mata sha ɗaya ga Mayu. A ransa yana ta bita: zai bari ta zauna, zai bari ta kurɓi gahawa, sannan a hankali ya kawo maganar Anjum.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Malama Aukje ta shigo tana warware mayafin wuya, ta buɗe baki za ta ce masa ya manta harafi ɗaya a allo.

"Malama," in ji Douwe, "babanki ya aiko miki da saƙo."

Daga bayan kanta aka ji Rinske ta dire buta da ƙarfi.

Aukje ta wuce teburin taga. Ta zauna a kujerarta da rigar sanyinta a jiki, ta karɓi ambulan ɗin, ta karanta shi sau biyu, ta bi rubutun da yatsa. Rinske ta kawo mata gahawa, ta zaro cokali daga kwalba ta ajiye mata, ta jefa wa mijinta wani kallo da ya san fassararsa sarai.

"Rubutunsa ke nan," in ji Aukje. "Ban taɓa gani ba. Yana jingina haruffa hagu, irin na Janke." Ta ɗago kai. "Ka saurara?"

"A'a, Malama. Nan ne matsalar." Douwe ya jawo kujera. "Fentin ya bushe. Allura na bi ta kai, tana iya kankare shi. Wataƙila ya yi sau biyu, wataƙila sau ɗaya ne iyakarsa. Akwai wani wuri a kudu da suke da injin da ke karanta faifai da haske, ba ya taɓa shi ko kaɗan. Sai dai layi ne, wata takwas ko tara."

"Wata tara." Ta jefa sukari a gahawa tana juyawa. "Piebe, wasiƙar nan shekara saba'in da ɗaya tana hanya. Haka kuke aiki a gidan waya?"

"Ba a zamanina ba ne, Malama. Kuma an kai ta inda aka rubuta. Ku ne kuka tashi ba ku bar adireshi ba."

Ta yi ɗan murmushi, ta ajiye cokalin a gefen kofi. "Ba zan iya jiran wata tara ba, Douwe. Ba don rashin lafiya ba, don ba zan iya barci ba. Abu ɗaya nake son sani, ka kuma san shi, don na san Rinske ba ta ɓoye maka komai. Sa shi."

Labari ya riga ya zaga shagon. Masu shan gahawa bakwai da ke ciki duk sun bar hirarsu. Matar madubi ta ajiye jakarta ta zauna. Douwe ya juya alamar da ke rataye a ƙofa ta nuna an rufe, abin da bai taɓa yi da rana tsaka ba.

A Allura akwai doka ɗaya da ba a ɗaga wa kowa. In allura ta hau faifai, waya sai ta shiga gwangwanin biskit da ke kan kanta. Douwe ya taɓa korar ɗan majalisar gari a kan haka, kuma ya yi shekara yana ba da labarin. Yanzu mutane suka fara tashi da wayoyinsu za su nufi gwangwani, sai ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya." Ya nuna garmaho. "Ku kawo su nan. Duka. Ku jera su gaban lasifika, kowa ya danna ɗaukar murya."

"Rinske, rubuta ranar yau," in ji Piebe. "A sa a kalandar bayi."

Aka yi dariya, har da Aukje. Kalandar ranakun haihuwar 'yan shagon ce, tana rataye a bayan ƙofar bayi kamar a kowane gida na ƙasar nan, don wanda ya zauna ya tuna wa zai ciyar da mutane kek a makon.

Douwe ya zaɓi allurarsa mafi sauƙi, ya rage mata nauyi har iyakar abin da za ta iya, ya mai da garmahon gudu mai sauri irin na da. Ya goge hannunsa a riga. Ya ɗaga allura ya nufi bakin faifan, inda ya saba sa ta shekara arba'in.

"Tsaya," in ji Rinske. Ta sunkuya da gilashin da take duba hatimin azurfa. "Akwai ƙaramin rubutu a nan. Wai a fara daga tsakiya."

Gumi ya keto wa Douwe. Irin wannan faifan daga ciki yake tafiya zuwa waje, kuma ya sani, zumuɗi ne ya kwashe masa sanin. Da ya sa a baki da allurar ta zame ta yage rabin maganar.

"Gindin kofi dai ya yi rana," in ji Rinske a hankali.

Ya sauke allura a tsakiya.

Da farko ƙara ce kawai, kamar ana suya. Sai wani tari. Sai murya ta fito daga can nesa, siririya, ta saurayi.

"Ya fara? Wutar ce alamar? To. To, Griet, ni ne. Sipke ne."

Aukje ta dafe tebur da hannu biyu.

"Mutumin nan ya ce minti ɗaya da rabi ne, kada in ɓata. To. Lafiyata lau. Ƙasar nan ba ta da ƙarshe, Griet, kwana uku a jirgin ƙasa ban ga ruwa ba. Takalman da na zo da su sun mutu tun watan Janairu. Burodinsu iska ne, ka ci guda ka tashi da yunwa."

Wani ya yi dariya ya toshe baki. Douwe bai ji dariyar ba, idonsa na kan allura. A bayanta wani siririn baƙin zare yana tashi yana nannaɗewa, fentin ne ke barin kwali. Ba za a yi sau biyu ba.

"Ki gaida Mama. Ki ce wa Janke kada ta je bakin ruwa ita kaɗai, in ta ji magana zan sayo mata 'yar tsana mai rufe ido. Karen fa? Har yanzu yana korar kajin maƙwabta?"

"Bawan Allah, bar zancen kare," Piebe ya yi gunaguni.

Saura faɗin yatsa ɗaya allura ta kai baki. Douwe ya ƙara matsowa kusa da garmaho. Yana ta faɗa a ransa, faɗi mana, Sipke, faɗi sunan.

"Sai Hiske." Muryar ta yi ƙasa. "Griet, kada ki ji kishi, amma gaskiya Hiske ce a raina dare da rana. Da ita nake kwana, da ita nake tashi. Na sayo mata wasu 'yan..." Ƙara ta cinye maganar, ta sake sakinta. "...ranar nan kuwa ita zan fara runguma, ko ke sai kin jira. Wutar ta fara ƙifta..."

Allura ta zame ta faɗi gefe. Faifan ya ci gaba da juyawa, fari fat a inda ta bi.

Douwe ya kashe garmahon. Piebe ne, da bai taɓa iya zama da shiru ba, ya ce, "Wace ce kuma Hiske?"

"Ban sani ba," in ji Aukje. Muryarta daidai take, irin ta aji. "Da alama Mama ta sani." Ta tashi, ta ɗaura mayafin wuya, ta ajiye kuɗin gahawa a gefen kofi. "Na gode, Douwe. Muryarsa na da daɗi. Yaro ne ashe. Na girme shi da shekara arba'in da wani abu."

"Malama, ni..."

"Ba laifinka. Ni na ce ka sa." A bakin ƙofa ta ɗan tsaya. "Ka manta harafi ɗaya a allo."

Ƙararrawa ta kaɗa, ta fita. Mutane suka ɗauki wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙasa.

Kunya da baƙin ciki suka rufe Douwe. Shi ya ce mata babanta ya aiko mata da saƙo. Shekara sittin tana zaman shakka, ko uwarta ta faɗa ne don fushi, yau shi da bakinsa da allurarsa ya tabbatar mata, a gaban mutum bakwai, har da kare aka gaisa ba a gaishe ta ba. Ya jira Rinske ta ce ai ta faɗa masa. Ba ta ce ba, ta ci gaba da goge kanta inda ba datti, kuma wannan ya fi masa zafi.

Don ya sami abin yi da hannunsa, ya je ya kwashe teburin taga, aikin da ba nasa ba. Gahawar na nan rabi. Ya ɗaga kofi, cokali ya zame ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya yana tsaki, ya ɗauko, zai jefa shi cikin kofin sai babban yatsansa ya ji zane a bayan cokalin. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana karanta zane da yatsa. Ya juya shi wajen haske.

"Rinske. Ba ni gilashin nan naki."

"Me kuma ka..."

"Ba ni dai."

Ya kara gilashi a ido. Haruffa ne masu lanƙwasa, irin na maƙeran da. Ya karanta a fili: "Hiske Feenstra. Tara ga Maris, 1953."

Rinske ta saki tsumma. "Cokalin haihuwa ne, irin wanda ake zana wa sunan jariri da ranar haihuwarsa. Cikin na Anjum yake."

Douwe bai tsaya ji ba. Ya ruga bayi, ya banka ƙofa, ya leƙa bayanta, ya fizgo shafin kalanda baya zuwa Maris. Tara ga wata, da rubutun Malama mai kyau: Aukje. Ai ya sani, kowace shekara kek ɗin lemo take kawowa, amma yana so ya gani da idonsa.

Ya fito da gudu ya ture kujera mai Yuro tamanin, ya fita titi da cokali a sama. Tana kan gada tana tura kekenta, ba ta hau ba.

"Malama! Malama Aukje!"

Ta juyo. Ya iso yana haki, gwiwarsa na ihu, ya kasa haɗa magana. Sai ya miƙa mata cokalin da gilashin kawai, ya dafa ƙarfen gada.

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Iska na kaɗa 'yar takardar farashin da ke ɗaure a wuyan cokalin.

"Ranar haihuwata ce," ta ce.

"Da shi kika juya gahawarki yanzu."

Rinske ta iso, Piebe na biye da ita da kofinsa a hannu. "A kwalin akwai wani ƙyalle mai ado, irin wanda 'yan mata ke koyon ɗinki a kai," in ji Rinske. "An ɗinka sunan mai shi. Hiske, 1911. Kakarki ce, Malama, wadda ta rasu kwanan nan gadon kayan ta yi. Tsohuwar can."

Aukje ta jingina keke a ƙarfen gada. Ta fara lissafi a fili, a hankali, yadda take yi wa yara a allo.

"Janke ce 'yar fari, ta ci sunan kakarmu ta wajen uwa. Ta biyu kuwa sunan ta wajen uba take ci. Haka ake yi, ba a ma tambaya." Ta shafa cokalin. "Tsohuwar ta sa an zana suna tun kafin a je rajista. Mama kuma ta je ta sa mini sunan ƙanwarta."

"Ga faɗan nan," in ji Piebe. "A Anjum, a shekarar hamsin da uku? Ai gara ki ƙona mata gida."

"Shi kuma aka rubuta masa an sami mace," in ji Douwe, numfashinsa ya fara dawowa. "Ba sai an gaya masa suna ba. Ya san sunan tun kafin ya hau jirgi."

"Kuma Mama ba ta yi ƙarfin halin gaya masa ba." Aukje ta rufe baki da hannu. Kafaɗunta suka fara girgiza, Douwe ya ɗauka kuka ne kawai, sai ya ga har da dariya. "Wa ya ɗauki muryar? Ina son in sake ji."

Suka koma shago su huɗu. Wayoyi bakwai suka fito a lokaci ɗaya, ba wanda ya tuna da gwangwani. Aka zaɓi ta matar madubi, ita ta fi fitar da murya. Aukje ta zauna a kujerarta, cokali a damƙe a hannu, aka wuce takalma da burodi da kare.

"...Hiske ce a raina dare da rana. Da ita nake kwana, da ita nake tashi..."

"Sake," ta ce.

Sau huɗu aka sake. A na uku Rinske ta shige bayan kanta ta juya musu baya. A na huɗu Piebe ya rantse ya ji kalmar da ƙara ta cinye, wai "safa" ce, Douwe ya ce "takalma" ce, suka kama musu har Malama ta buga cokali a tebur suka yi tsit.

"Kun san abin da ya fi ba ni mamaki?" ta ce. "Mama ba ta yi ƙarya ba. Bai taɓa ambaton sunana ba." Ta girgiza kai. "Matar nan ko a fushi ba ta iya ƙarya. Sai dai ta ba ka rabin gaskiya ta tafi da rabi."

Ta juya takardar farashin. "Yuro arba'in. Rinske, kin yi masa araha."

Douwe ya zaro almakashi daga aljihun gaba ya datse zaren. "Ba na sayarwa ba ne, Malama. Da sunan mai shi a jiki."

"Sashena ne fa kake kyauta da shi," in ji Rinske, tana share ido da bayan hannu.

"Ke ma kin ba da nawa a ɗora kofi."

Aukje ta sa cokalin a aljihun cikin rigarta, ta danna maɓalli. Ta nemi sabuwar gahawa ta shanye har ƙasa, ta ci burodin sukari yanka biyu, abin da likita ya hana ta. Da za ta tafi sai ta ari alƙalamin Rinske, ta shiga bayi, ta ɗan jima. Ta fito ta mayar da alƙalami, ta ce sai gobe ƙarfe goma, wannan karon kuma ta hau kekenta ta haye gada.

Douwe ya jira har ta ɓace, sannan ya je ya leƙa bayan ƙofar bayin. Kalanda na nan a watan Maris inda ya bar ta. Ba ta soke komai ba. A tara ga wata, kusa da Aukje, ta ƙara da ƙananan haruffa masu ɗan jingina hagu: da Hiske.

Ya sake karantawa. Sannan ya mayar da kalandar watan da ake ciki, ya ɗauki alli, ya fita ya ƙara harafin da ya manta.